Wasiƙa ga masu rubuta manhaja a kan raɗar da muke yi wa kwamfaila

'Yan uwa abokan sana'a,

Akwai ɗabi'ar da muka gada: mutum ya rubuta ɗan aiki, sai ya manna masa inline, ko ya naɗe sharaɗi da __builtin_expect, wai don kwamfaila ta san inda za ta ƙara gudu. A da hakan ya yi rana. Yau kuwa sau da yawa fasinja ne ke nuna wa direban gari hanya. Ku dubi kalmar register: kwamitin C++ ya mai da ita tsohon yayi a 2011, a C++17 ya raba ta da aikinta.

Shi ya sa nake roƙon ku daina jin haushin manhajojin bincike idan sun yi muku ƙorafi. Clippy na Rust yakan tsawata idan aka sa inline a kan aikin da ba shi da jiki, domin babu abin da za a dasa. GCC yana da -Winline mai faɗa muku inda aka ƙi roƙonku. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne return std::move(x) a kan abin da aka gina cikin aikin. Mai shi yana ganin ya yi dabara, alhali ya hana kwamfaila gina abin kai tsaye a mazauninsa. -Wpessimizing-move ne ke kama wannan, kuma da gaskiyarsa.

Ko manyan gwanayen Linux ba su tsira ba. A 2008 Steven Rostedt ya rubuta ma'aunin da ke ƙirga sau nawa alamomin likely da unlikely suka dace da abin da ya faru, aka tarar wasu kusan kullum a karkace suke. To ina ga ni da ku?

Abin da ba na so shi ne a toshe bakin gargaɗin da allow ko pragma a wuce. Ku auna da perf. In alamar ba ta ƙara komai ba, ku goge ta. In ta ƙara, ku bar ta, ku rubuta a gefenta me kuka auna da kuma a kan wace na'ura, saboda wanda zai gaji kod ɗin. Mai iko ya gwada -fprofile-use, kwamfaila ta koya daga gudun gaske.

Don Allah, kafin ku sake rubuta inline, ku fara kunna binciken.

Wassalam,
ɗan uwanku a sana'a.