Mun Tuɓe Takalma a Chiang Mai

Wannan wata za mu ɗan bar zancen makaranta, mu ba ku labarin yini guda da muka yi a ƙasar Tailan, can gabas mai nisa. Wani taron malaman makarantun ekklesiya ne ya kai mu birnin Chiang Mai, a arewacin ƙasar. Da aka gama taro sai aka ba mu yini ɗaya na ganin gari. A yinin nan kuwa wata tambaya ta bi mu tun daga asuba har dare: yaya mai bi zai shiga wurin ibadar waɗansu, ya girmama masu wurin, ba tare da ya yi sujada ga abin da suke yi wa sujada ba?

Bari mu fara gaya muku irin garin. Chiang Mai tana wajen kilomita 700 arewa da Bankok, babban birnin ƙasar. Ma'anar sunan ita ce "sabon birni", ko da yake wani sarki mai suna Mangrai ne ya kafa ta tun shekarar 1296. Tsohon garin murabba'i ne, da guntayen ganuwa da rami mai ruwa kewaye da shi. Fiye da mutum 90 cikin 100 na mutanen Tailan addinin Buddha suke bi. Masu bin Almasihu wajen 1 ne cikin 100. Har lissafin shekara ma nasu dabam ne, gama sun fi mu da shekara 543. Watau shekarar 2025 ita ce 2568 a wurinsu.

Mu shida ne. Jagorarmu wata 'yar'uwa ce malamar makaranta, 'yar garin, wadda ta karɓi Almasihu tana budurwa. Iyayenta kuwa har yanzu addinin Buddha suke bi.

Da sassafe muka ga sufaye suna tafe cikin layi, ba takalmi, kansu a aske, sun yafa mayafi ruwan goro, kowa da ƙwaryarsa ta ƙarfe. Waɗannan su ne mazan da suka bar gida da aure da neman kuɗi domin addininsu. Mata da maza suna tsaye a bakin hanya suna zuba musu shinkafa. Sufaye ba su roƙa ba, ba su kuma yi godiya ba, domin a ganinsu mai bayarwa ne ya sami lada. Jagorarmu ta ce cikakken sufi yana kiyaye dokoki 227, daga ciki har da rashin cin abinci bayan tsakar rana. Ta gargaɗi matan da ke cikinmu kada su taɓa sufi, ko su miƙa masa abu hannu da hannu.

Daga nan muka hau wata jar a-kori-kura mai benci biyu a baya, irin motar hayar garin, zuwa dutsen Doi Suthep, wajen kilomita 15 daga gari. Hanyar da ke hawa dutsen tana da tarihi. Wani sufi mai suna Khruba Siwichai ne ya kira jama'a aikin gayya, suka fara a ƙarshen 1934, suka gama a 1935, wata 6 bai cika ba. Bisa ga labarin da suka gada, an kafa haikalin a 1383, a daidai inda wata farar giwa mai ɗauke da wani ƙashi da suke cewa na Buddha ne ta durƙusa ta mutu.

A gindin matakala, wadda ta fi taki 300, da siffar macizai biyu dama da hagu, nan gardama ta tashi. Dattijon da ke cikinmu, wanda ya yi shekaru yana wa'azi, ya tsaya cik. Ya ce shi ba zai hau ba, gama mutumin da ya tuɓe takalmi a gaban gunki ya riga ya fara yi masa sujada. Ba mu yi masa dariya ba. Mun san abin da kakanninmu suka bari kafin su zama masu bi, mun kuwa san tsoronsa ba na banza ba ne.

Jagorarmu ta ce masa, "Baba, a ƙasarmu ko gidan uwata zan shiga sai na tuɓe takalmi. Ko ɗakin sujadarmu ma, da yawa a bakin ƙofa muke barinsu. Abin da ni ba na yi shi ne in durƙusa in kai goshi ƙasa sau uku, ko in miƙa fure da turare. Wannan kam sujada ce, su ma sun sani."

Dattijo ya ce, "'Yata, to, in suka ga mun shiga, ba za su ce mun yarda da addininsu ba?"

Ta ce, "Za su ce baƙi ne masu ladabi. In kun ƙi shiga kuna yamutsa fuska, za su ce ga irin mutanen da 'yarsu ta bi."

Maganan nan ta ƙarshe ta shige mu. Mu gobe za mu hau jirgi mu tafi, ita kuwa a nan za ta zauna da iyayenta. Muka tuna da yadda muke tuɓe takalma a ƙofar zauren mai unguwa ko na sarki, ba wanda ya taɓa cewa mun mai da su Allah. Muka kuma tuna da Manzo Bulus a Atina, cikin Ayyukan Manzanni sura 17. Ransa ya ɓaci da yawan gumakan birnin, duk da haka ya zagaya ya dudduba wuraren ibadarsu da kyau, har abin da ya gani a kan wani bagadi ya zama mafarin maganarsa da su. Dattijo ya yi shiru, sa'an nan ya kama hawa, yana hutawa a hanya.

A sama akwai wata hasumiya mai siffar ƙararrawa, an dalaye ta da zinariya, tana walƙiya har ido ba ya iya jurewa. Jama'a suna zagaya ta sau uku, suna riƙe da fure mai kama da bado. Mu muka tsaya gefe. A wani ɗaki wani tsohon sufi yana yayyafa wa mutane ruwa, ana ɗaura musu farin zare a wuyan hannu domin tsari da albarka. Ya yafuto mu. Jagorarmu ta haɗa tafin hannunta ta gaishe shi irin gaisuwar ƙasarsu, ta gaya masa mu masu bin Yesu ne. Sai ya yi murmushi ya gyaɗa kai, ya juya ga na bayanmu. Shi ke nan. Ba a yi fushi ba, ba a kuwa tilasta mana ba.

Kuskure ɗaya muka yi. Ɗayanmu ya gaji, ya zauna ya miƙe ƙafafunsa suna fuskantar siffar Buddha. A wurinsu ƙafa ita ce mafi ƙasƙanci a jiki, nuna mutum ko abu mai daraja da ita kuwa cin mutunci ne. Wata tsohuwa ta zo a hankali ta nuna masa yadda zai naɗe su baya. Muka ba da haƙuri, kunya ta kama mu.

Da hantsi muka sauko cikin gari zuwa haikalin Chedi Luang. Hasumiyarsa ta tubali ta taɓa kai tsawon mita 80 ko kusa da haka, kafin girgizar ƙasa ta 1545 ta rushe samanta. A ƙarƙashin itatuwa akwai tebura inda samarin sufaye suke zama su yi hira da baƙi domin su koyi Turanci. Muka zauna da wani saurayi ɗan ƙauye, wanda ya shiga sufanci tun yana yaro domin ya sami karatu. Ya bayyana mana cewa Buddha mutum ne, sunansa Siddhartha Gautama, an haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yanzu, wajen shekara 500 kafin haihuwar Almasihu. Koyarwarsa ita ce, wahala daga kwaɗayi take fitowa, mutum kuwa da ƙoƙarin kansa zai kuɓuta. Ya lissafa dokoki 5 na kowane mabiyi: kada a yi kisa, ko sata, ko zina, ko ƙarya, ko shan abin sa maye. Muka tambaye shi wa ya halicci duniya. Ya ce addininsu bai koyar da Mahalicci ba. Shi ma ya tambaye mu abin da ake nufi da alheri, wato ceton da ba a saye da aiki. Dattijon nan da ya ƙi hawa da safe shi ne ya amsa masa, a natse, suka yi kusan rabin awa. Ba wanda ya juyar da wani, amma kowa ya ji daga bakin mai abu.

Bayan mun ci taliya cikin romon kwakwa mai yaji, sai muka nufi gabas, wajen kilomita 9, zuwa ƙauyen Bo Sang, inda ake yin laima ta takarda. Mutanen wurin suna cewa wani sufi ne ya koyo sana'ar daga ƙasar Bama ya kawo musu, fiye da shekara 100 da suka wuce. Mun ga aikin tun daga farko. Ana jiƙa ɓawon wani itace, a dafa shi da toka, a daka da gudumar itace har ya yi laushi, a kaɗa shi cikin kwatarniyar ruwa. Sai a tsoma wata faffaɗar rariya a ɗebo, a shanya a rana, ya bushe ya zama takarda. A wata rumfa tsofaffin mata suna zaune a ƙasa suna tsaga gora da wuƙa, suna fere haƙarƙarin laima, wata tana huda su, wata tana zura zare. Sa'an nan a manna takarda, a shafa mai domin ruwa, mai zane kuma ya zana fure ko tsuntsu. Laima guda takan bi ta hannun mutane da dama. Mun lura yawancin masu aikin sun manyanta. Wata ta ce 'ya'yanta suna aiki a birni. Wannan kuka mun saba jinsa a bakin masaƙa da marina na gida.

Da la'asar muka koma unguwar Wua Lai, ta maƙeran azurfa. Tun daga nesa ake jin ƙwas-ƙwas na guduma. Maƙeri yakan ɗora fallen ƙarfe a kan wani baƙin danko, ya yi ta bugunsa da ƙananan kurfi har zane ya taso. A haikalin Sri Suphan na unguwar, maƙera sun lulluɓe ɗaki guda ciki da waje da irin wannan aiki, daga 2004 zuwa 2016. Yawancinsa alminiyam ne, azurfa ta ainihi a wurare kaɗan take. Ba a barin mata su shiga ɗakin. A harabar kuma ana koya wa matasa sana'ar. Nan muka gane cewa a garin nan haikali da sana'a sun daɗe suna riƙe da juna.

A nan ne tambayar safe ta sake dawowa, amma a kasuwa. Me za mu saya mu kai gida? Ga ƙananan siffofin Buddha, ga layu na wuya, ga kwanuka da 'yan kunne. Jagorarmu ta ce dokar ƙasar ma ta hana fitar da siffar Buddha sai da izinin hukuma, domin ba sa so a mai da ita kayan ado. Muka bar siffofi da layu ga masu su. Muka sayi kwano, da laima, da takarda, ba mu kuwa matsa wa masu sayarwa da ciniki ba, tun da mun ga wahalar aikin da idonmu. Bulus ma ai da ɗinkin alfarwa ya ci abinci.

A hanyar komawa masauki jagorarmu ta ba mu labarin ekklesiyar garin. Daniel McGilvary da matarsa Sophia, 'yan mishan daga Amurka, sun iso a 1867. A 1869 aka kashe biyu daga cikin masu bi na farko, Nan Chai da Noi Sunya, bisa umarnin sarkin garin. Sai a 1878 aka ba da dokar da ta yarda kowa ya bi addinin da ya zaɓa. Ta ce saboda haka su sun san akwai ranar da mai bi zai ce a'a ko da ransa ne. Amma yawancin ranaku abin da ake bukata shi ne a gai da maƙwabci, a je jana'izar uwarsa, a san inda za a tsaya.

'Yan'uwa, kaɗan ne cikinmu za su je Tailan, amma ba wanda ba shi da maƙwabci ko ɗan'uwa mai wani addini. 'Ya'yanmu suna kallon fuskarmu sa'ad da muka wuce wurin ibadarsu, suna jin sunan da muke kiransu da shi a cikin gida. Mu koya musu abu biyu tare: wa ake yi wa sujada, da kuma yadda ake girmama mutum. Yaron da ya san na farko sosai ba ya tsoron yin na biyu.

Laimar Bo Sang tana rataye a ajinmu yanzu. Yara sun ƙirga haƙarƙarinta, sun kuma ce sai mun gwada yin takarda da ɓawon itace kafin hutu. In ta yiwu, za mu ba ku labari. Ku tuna da 'yar'uwan nan da iyayenta cikin addu'a. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.