Wariyar launin fata a Tunisiya: Doka ta tsaya a ƙofar gida

Tun daga watan Fabrairun 2023, lokacin da Shugaba Kais Saied ya danganta kwararar baƙin haure daga kudu da Sahara da wani makirci na sauya fasalin al'ummar Tunisiya, batun launin fata bai bar bakin jama'a ba a ƙasar. Tarayyar Afirka ta yi tir da kalaman. An kori baƙaƙen fata da dama daga gidajen haya da wuraren aiki. A watan Mayun 2024 kuma aka kama Saadia Mosbah, shugabar ƙungiyar Mnemty mai yaƙi da wariya.

A rubuce dai Tunisiya ta daɗe da yin gaba. Tun a 1846 Ahmad Bey ya haramta bauta. A watan Oktoban 2018 majalisar dokoki ta zartar da dokar hukunta wariyar launin fata, irinta ta farko a ƙasashen Larabawa, wadda ta tanadi ɗaurin wata ɗaya zuwa shekara ɗaya ga mai furta kalaman wariya. A 2020 wata kotu a Medenine ta amince wa wani dattijo mai shekara 81 ya cire kalmar "atig" daga sunan gidansu, kalmar da ke nuna an 'yanta kakanninsa daga bauta.

Sai dai ƙarfin doka yana ƙarewa ne a ƙofar gida. Alƙali na iya hukunta wanda ya kira wani "wasif", wato bawa, a kan titi. Amma babu kotun da za ta gurfanar da uban da ya hana 'yarsa auren baƙar fata, tunda hujjarsa ba ta wuce "ba mu dace da juna ba". A aure ake haɗa suna da gado da zuriya, don haka a nan wariya ta fi yin kanta. A nan ne kuma yaro ke fara jinta, a bakin kaka ko a barkwancin kawu, tun kafin ya shiga makaranta. Masu gidajen da suka watsar da kayan 'yan haya a 2023 ba daga jawabin shugaban ƙasa suka koyi ƙyama ba. Jawabin ya ba su lasisin bayyana abin da suka taso da shi ne.

Tarihin Amurka ya nuna yadda gida ke jan ƙafa a bayan kotu. A 1967 Kotun Ƙoli ta soke dokokin hana aure tsakanin farare da baƙaƙe a jihohi 16. Amma sai a shekarun 1990 kamfanin Gallup ya samu mafi yawan Amurkawa suna amincewa da irin wannan aure. Daga kashi 4 cikin 100 a 1958, adadin ya kai kashi 94 a 2021. Ba hukunci ɗaya ne ya cike wannan tazara ba. 'Ya'ya ne suka riƙa musanta wa iyaye, jikoki kuma suka sassauta zukatan kakanni.

Labarin Tunisiya ba baƙo ba ne ga ƙasar Hausa. Kakannin wasu baƙaƙen fatar ƙasar ta hanyoyin Sahara aka kai su daga Borno da ƙasar Hausa, kuma har yau akwai kalmomin Hausa da Barbarci a waƙoƙin stambeli, ɗan uwan bori a birnin Tunis. A nan gida ma, binciken asali kafin aure yakan koma tonon silili: wane jikan bawa ne, wane ɗan mahauta ne, wance ta cika baƙi. Alhali mazhabar Malikiyya, wadda Tunisiya da ƙasar Hausa suke bi, addini da hali ta sa a gaba wajen dacewar ma'aurata, ba nasaba ba. Zaid bin Harisa, 'yantaccen bawa, ya auri Zainab bint Jahsh, 'yar babban gida.

Fuskantar wannan ɗabi'a a cikin dangi na da tsada, domin mai yin ta yakan sha zargin rashin kunya, wani lokaci har a yi masa yaji. Amma ba sai da ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya cikin ladabi takan isa a taron dangi: "Baba, shi wannan yaron, me ya aikata?" Idan amsar ta tsaya a kan kakansa ko fatarsa, to ba a faɗi laifinsa ba tukuna. Ɗan kasuwar da ke ba da kaya bashi a Kantin Kwari amanar mutum yake dubawa, ba launinsa ba. Ma'aunin da ya isa a damƙa wa mutum dukiya da shi, ya isa a ba shi aure da shi.