Mu San Itatuwanmu Tun Suna Tsaye

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata kunya da na sha, wadda ba na son waninku ya sha irinta.

Wata rana malaminmu na Labarin Ƙasa ya nuna mana hoton wani itace na ƙasar Japan da ake kira sakura. Ba don 'ya'yansa ake shuka shi ba, don kyan furensa ne kurum. Idan sanyin ƙasarsu ya wuce, wajen ƙarshen watan Maris zuwa farkon Afrilu, sai ya rufe da fure fari mai ratsin ja, alhali ko ganye bai gama fitarwa ba. Furen ba ya wuce mako ɗaya ko biyu yake zubewa, saboda haka jama'a kan fita ƙwansu da kwarkwata su zauna a gindinsa suna kallo. Malam ya ce a 1912 birnin Tokyo ya aika wa birnin Washington na Amurka kyautar irin wannan itace guda 3,020, kuma har yau ana bikinsu kowace shekara. Na haddace wannan labari tsaf.

Da aka ba mu hutu a watan Disamba, sai na raka kakana gona a wajen Bakori. Muna tafe ina ta zuba masa labarin sakura, shi kuwa yana saurare. Can sai ya tsaya, ya nuna wani itace da sandarsa. Ba ganye ko ɗaya a jikinsa, sai jajayen furanni manya kamar ƙananan ƙoƙuna. Ya ce, "To, Malam ɗan boko, wannan fa mene ne sunansa?" Na ce, "Rimi ne, Kaka." Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Gurjiya ke nan. Ka san na Japan, ba ka san na hanyar gonarku ba." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tun daga ranar na sa ido, kuma na gane cewa mu ma muna da lokacin fure, sai dai namu da rani ne da bazara, lokacin da muke cewa daji ya bushe ba abin kallo. Ga kaɗan daga abin da na koya, don mai son ya gwada.

Da hunturu gurjiya da rimi ke fure, dukansu bayan sun kaɗe ganye, shi ya sa na rikita su. Amma furen gurjiya ja ne babba, na rimi kuwa ƙanana ne masu fari-fari, a cure wuri guda. Rimi ya fi tsawo nesa ba kusa ba, kuma gindinsa yana da fukafukai kamar bango. Idan kuma ka ga ɗan itace mai ƙaya a jikin shinge, da jan fure siriri a tsaye kan reshe, to, minjirya ce. Gawo shi kuwa bambancinsa a fili yake: lokacin da sauran itatuwa suka yi tsirara shi yake kore shar, da damina kuma ya zubar da ganyensa. Don haka ba ya tare wa dawa da masara rana, ganyen nan ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi.

Sanyi na fara ja da baya, wajen Fabrairu zuwa Maris, sai ɗorawa ta saki tutu, wato jajayen dunƙule-dunƙulen nan masu lilo a kan dogon sili. Da rana ƙudan zuma ke kansu, da dare kuma jemagu. Kaɗanya ma da rani take fure, fari mai ƙamshi a cure a bakin reshe. Idan bazara ta kankama sai marga ta sauko da furenta ruwan ɗorawa, zara-zara kamar an rataya sarƙa. Daga ƙarshe, gab da faɗuwar damina, kuka kan fitar da farin fure babba mai kallon ƙasa, wanda ke buɗewa da almuru, kafin wani almurun ya yi yaushi. A cikin gari kuwa, daga Funtuwa har Malumfashi, wa bai taɓa jin ƙamshin furen bedi da yamma ba? Amma mu nawa ne muka san cewa bedi baƙo ne, asalinsa daga wajen Indiya, kuma a 1928 aka fara dasa shi a Barno?

Na san wani zai ce, "Wannan ai aikin banza ne, ba a tambayarsa a jarrabawa, kuma fure ba ya cika ciki." Amsata ita ce furen sakura ne ba ya cika ciki. Namu kowanne da abin da ke biye da shi. Tutun ɗorawa shi ke zama kalwa, kalwa ta zama daddawar da ke cikin miyarmu, ɓawon kuma a yi makuba a gyara daɓe. Furen kaɗanya shi ke zama man kaɗe. Na rimi ya ba da audugar matashi da katifa. Wanda ya iya karanta fure, tun da rani ya san abin da zai tsinta da bazara.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. A hutun da ya biyo baya na koma gonar nan, na tarar an sare wata babbar ɗorawa da ke gonar maƙwabcinmu, sai kututture da toka. Magada ne suka sayar wa masu gawayi. Kaka ya ce tun yana yaro ya san ta, kuma mata nawa ne suka yi daddawa da kalwarta. Wanda ya karɓi kuɗin saurayi ne kamar yayana, mai ilmin zamani, kuma na tabbata a idonsa itace duk itace ne. Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, don wata huɗu kafin nan ni ma haka nake. Na sani talauci gaskiya ne, kuma dole a hura wuta a gida. Amma kaɗanya takan shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, gatari kuwa wuni ɗaya ya ishe shi. Abin da ba ka san sunansa ba, ba za ka ji zafin rashinsa ba.

Kada mu ce gyara ya gagara. A ƙasar Maraɗi, maƙwabtanmu na arewa, tun daga 1983 manoma suka rungumi dabarar da suke kira sassabin zamani. Maimakon su ƙone duk tohon da ya fito daga kututture, sai su zaɓi mai ƙarfi su bar shi ya girma. Da haka aka kiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a gonakin Nijar. Amma fa ba mai iya zaɓen toho sai wanda ya san wannan gawo ne, wancan kaɗanya ce.

Saboda haka ina da shawara uku. Ta farko, ga hukumar makaranta: a rubuta sunan kowane itacen da ke harabarmu da Hausa a manna masa. Ta biyu, ga 'yan'uwana ɗalibai: mu buɗe littafi guda, mu riƙa rubuta ranar da muka fara ganin furen kowane itace kowace shekara. Ba sai mun shiga dawa ba, balle a wannan zamani da hankalin iyaye ba ya kwance. Na makaranta da na bakin hanya sun isa. Kada a raina wannan aiki. A birnin Kyoto na Japan akwai irin wannan lissafi na fiye da shekara 1,200, kuma da shi aka gane cewa furen 2021, wanda ya cika ranar 26 ga Maris, ya riga na duk shekarun da aka rubuta kafinsa, alamar duniya tana ƙara zafi. Mu ma manomanmu suna cewa damina ta sauya hali. Littafinmu zai iya zama shaida wata rana. Ta uku, ga iyayenmu: don Allah idan za ku gona ku tafi da mu, ku yi mana irin tambayar da Kaka ya yi mini. Ilmin nan a bakinku yake, ba a rubuce ba, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Bana da hunturu, in Allah ya kai mu, zan koma gindin gurjiyar nan da ƙanena, in nuna masa ita da sanda in tambaye shi sunanta. Allah ya sa mu same ta a tsaye, amin.