Jirgin neman mai ya auna ƙasarmu, taswirar tana hannun wa?

Jama'a, in ana hirar man Agadem, bakinmu kullum kan matatar SORAZ yake, ko kan bututun da ya miƙa har Seme ta ƙasar Benin. Mun cika mance matakin farko: ƙaƙa aka san inda za a haƙa?

Ɗaya daga cikin dabarun shi ne ƙaramin jirgin sama da ke tafiya ƙasa-ƙasa, yana kai da kawowa layi-layi kamar mai huɗar gona. Na'urorin cikinsa na auna ƙarfin jan ƙasa da maganaɗisun duwatsu. Inda dutsen gindi mai nauyi ya nutse can ƙasa, yashi da laka na miliyoyin shekaru suka cike gurbin, awon yakan ragu. A irin wannan kwarin mai da iskar gas kan taru. Jirgin bai ganin man da kansa, sai an haƙa rijiya ake tabbatarwa, amma yana rage haƙan lalube.

An yi wannan aiki a nan gida. A 2015 kamfanin Savannah ya kammala irin wannan awo a yankin Agadem, layukan da jirgin ya bi sun haura kilomita 36,000. Bayan ƙarin bincike ta ƙasa, a 2018 ya haƙa rijiya 5, duka an tarar da mai.

Mu dai muna goyon bayan dabarar. Ta fi sauƙin kuɗi da sauri, kuma ba ta tattake makiyaya kamar manyan motocin bincike, balle a kusa da Termit inda sauran namun dajinmu ke fakewa.

Sai dai wanda ya riƙe taswira shi ke da bakin ciniki. In baƙo ya fi mu sanin abin da ke ƙarƙashin gidanmu, da wace hujja za mu taya?

Don haka muna kira ga magabata: kowace kwangila ta tilasta ajiye cikakken kwafin bayanan a ma'aikatar man fetur. A sa ɗalibanmu na EMIG da Jami'ar Abdou Moumouni cikin aikin fassara su. A kuma sanar da sarakuna da makiyaya kafin jirgi ya tashi, don a halin tsaron da muke ciki, jirgi mai shawagi ƙasa-ƙasa jita-jita yake haifarwa.

Man da aka haƙo zai ƙare wata rana, amma taswirar jikokinmu ma za su buƙace ta. Allah ya taimaki Nijar.