Jirgin da aka ɗaure, tsatsa ke gadonsa

A shekarar 1974, kamfanin Caledonian MacBrayne na ƙasar Sikotilan ya sayar da jirgin ruwa sukutum, mai tsawon mita 73, a kan fam ɗaya tak na kuɗin Ingila. Sunan jirgin Waverley. An ƙera shi a birnin Gilasgo a 1946, ya fara jigilar fasinja a mashigin kogin Clyde a watan Yunin 1947. Tururi ke tafiyar da shi, kuma maimakon farfela a ƙarƙashin ruwa, manyan ƙafafu biyu gare shi masu filafilai, ɗaya dama ɗaya hagu, suna marin ruwa yana gaba. Waɗanda suka saye shi ƴan wata ƙungiyar sa kai ce mai kare irin waɗannan jirage. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: wanda ya sami jirgi a fam ɗaya ya ɗaukar wa kansa ɗawainiyar miliyoyi. Sun ɗauka, kuma a 1975 jirgin ya koma bakin aiki. A yau shi ne jirgin tururi mai filafilai na ƙarshe a duniya da ke shiga teku da fasinja.

Sai dai a fagen adana kayan tarihi akwai wani ra'ayi mai ƙarfi da ke yi wa irin wannan aiki kallon hadarin kaji. Masu shi suna ganin darajar abin tarihi tana cikin jikinsa na asali, wato ƙarfen farko da katakon farko. Duk abin da aka cire aka sa sabo, a wurinsu, an yanke wani yanki na gaskiya an jefar. Don haka hanyar da suka fi so ita ce a kashe wuta, a ɗaure jirgi a bakin gaɓa, a kafa masa allo, jama'a su zo su yi kallo. Ra'ayin yana da kwarjini a ɗakin taro. A kan ruwa kuwa, hanya ce ta kashe abin da ake iƙirarin ana ceto.

Ba a musun cewa an taɓa Waverley sosai. An ƙera shi yana cin gawayin kwal, a 1957 aka mayar da shi ga mai. A 1981 an sauya masa tukunyar tururi. A 2000 da 2003 an kai shi Great Yarmouth aka yi masa gagarumin gyara kashi biyu, wanda ya ci kimanin fam miliyon 7, mafi yawansu daga asusun kayan tarihi na cacar ƙasa: sababbin tukwane biyu, sabon ƙarfe inda tsohon ya cinye, kayan tsaro irin na dokar zamani, tare da maido da fasalinsa da launukansa na 1947, har da bututun hayaƙinsa biyu masu ja da fari da baƙi. A 2019 tukwanen suka sake gazawa, jirgin bai fita ko sau ɗaya ba a shekarar. Aka nemi fam miliyon 2.3, gwamnatin Sikotilan ta ba da miliyon ɗaya, jama'a da gidauniyoyi suka cike saura, a 2020 ya dawo da sababbin tukwane. To, in ji masu sukar, me ya rage na jirgin 1947?

Kafin a amsa musu, a duba makomar jiragen da aka kashe wa wuta aka ɗaure. Lincoln Castle ɗan'uwan Waverley ne na jini: maƙera guda, wato A. & J. Inglis, suka ƙera su, kuma don kamfanin jirgin ƙasa guda. Ya yi ta ƙetarar da mutane a kogin Humber har 1978, lokacin da tukunyarsa ta lalace. Ba a sauya ta ba. Aka ɗaure shi aka mayar da shi mashaya, ƙarfensa na asali na nan daram, babu wanda ya gurɓata shi da sabo. A 2010 aka yanyanka shi a Grimsby. Caledonia, na 1934, wanda shi ma a Clyde ya yi aiki, ya zama mashaya a kogin Landan, gobara ta cinye shi a 1980. Ryde, na 1937, wanda ya yi hidima a yaƙin duniya na biyu, ya zama gidan rawa a tsibirin Wight, sannan aka bar shi cikin taɓo har bututun hayaƙinsa ya rufta a 2006. Dukansu sun riƙe ƙarfensu na asali, kuma tsatsa ce ta gaje shi.

Dalilin ba boyayye ba ne. Jirgin da ke ɗaukar fasinja, doka ta tilasta a riƙa fitar da shi daga ruwa ana duba cikinsa da bayansa, a auna kaurin ƙarfe, a gwada tukunya. In ya kasa, a hana shi takardar fita. Yana da ma'aikata da ke jin sauyin ƙarar inji tun kafin ɓarna ta girma, yana da kuɗin tikiti, yana da dubban mutanen da suka taɓa hawansa, waɗanda za su sa hannu a aljihu ran da aka ce yana ciwo. Jirgin da aka ɗaure ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ruwa na cin sa ta ƙasa, ruwan sama ta bisa, ba mai lura sai bango ya tsage.

Sannan akwai abin da masu bautar tsohon ƙarfe ba sa lissafawa, domin ba a auna shi da ma'auni. Injin Waverley, wanda kamfanin Rankin & Blackmore na Greenock ya ƙera, shi ne dai na farko, kuma a buɗe yake, fasinja na tsayawa gefensa suna kallo. Tururi na shiga silinda uku bi da bi, daga ƙarama zuwa babba, kowace tana tatsar ƙarfin da ta gabanta ta rage. Sanda guda ke juya ƙafafun biyu tare, ba a iya tura ɗaya gaba ɗaya baya, saboda haka jirgin ba ya juyawa a ƙuntataccen wuri. Kai shi bakin gada cikin iska da igiyar ruwa sana'a ce mai zaman kanta, tsakanin matuƙi da mai inji da masu jefa igiya. Wannan ilimi a hannu yake zaune, daga babba zuwa yaronsa. Ran da aka kashe wuta, ya fara mutuwa ke nan, kuma babu allon bayani da zai tashe shi. Wace gaskiya ce ta fi nauyi: faifan ƙarfen 1946 da ya huje, ko hannun da ya san aikin 1947?

Masu sukar suna da hujja guda da ta cancanci a saurara: tafiya na da haɗari, kuma tana da tsada. A 1977 Waverley ya hau duwatsu kusa da Dunoon, har aka yi tsammanin ƙarshensa ya zo. A watan Satumban 2020, makonni kaɗan bayan dawowarsa, ya bugi gadar Brodick, mutane 24 suka ji rauni. Wannan ba abin rainawa ba ne, kuma ya wajabta tsananta horo da bincike. Amma a sa ma'auni da adalci. Bayan kowane haɗari an gyara shi ya koma ruwa. Waɗanda aka ɗaure domin a tsare su, ina suke? Batun kuɗi kuma, araha ba ta ado: abin da aka yi tattali a kan tukunyar Lincoln Castle, jirgin ɗungurungum aka biya.

Masana kansu sun motsa daga tsohon matsayi. Yarjejeniyar Venise ta 1964, wadda aka rubuta da gine-ginen dutse a zuci, ta ɗora nauyi a kan kayan asali. Takardar Nara ta 1994 ta faɗaɗa ma'anar sahihanci har ta haɗa da amfani, da aiki, da fasahar da aka gada. Yarjejeniyar Barsalona, wadda ƙungiyoyin jiragen tarihi na Turai suka sa wa hannu a 2003, ta karɓi cewa jirgin gargajiya cikin aiki ake adana shi, muddin an bi kaya da dabarun asali gwargwadon iko, kuma an rubuta duk abin da aka sauya. Sharaɗin nan na ƙarshe shi ne iyakar da ke tsakanin gyara da yaudara. Wanda ya sauya ya ɓoye, maƙaryaci ne. Wanda ya sauya ya bayyana, magaji ne.

Mai karatu a Nijar ba baƙo ba ne ga wannan hikima. Hasumiyar masallacin Agadas, wadda aka gina wajen 1515 aka sake ginawa a 1844, yaɓe bayan yaɓe ne ya kawo ta yau, kuma itatuwan da suka fito daga jikinta matakala ce ta magina. Ƙasar da ke fuskarta ba ta ƙarni na 16 ba ce, amma hakan bai hana UNESCO sanya tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya a 2013 ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ƙungiyoyin raya al'adu da malaman da ke kai ɗalibai ziyarar wuraren tarihi suna da tambayar da ta fi "nawa ne ya rage na asali?" amfani. Su tambaya: wa ya iya aikin abin nan, wa yake koya, kuma wa zai biya gyaran baɗi? Tukwanen da aka sa wa Waverley a 2020 su ma za su tsufa. Ran da suka gaza, za a sake jin muryar masu cewa a ɗaure shi ya huta. Amsarsu tana Grimsby, inda Lincoln Castle ya huta har aka sayar da shi a kan sikeli.