Fenti Muke Gani, Kan Motar Kuwa A Karkace Yake

Yau mun ajiye maganar ƙa'idojin rubutu, gareji za mu leƙa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanyar Zuru zuwa Ribah, ko ta Dabai zuwa Mahuta, a ranar kasuwa, ya san motocin da ke riƙe da rayuwar yankin nan. Tsofaffin a-kori-kura ne, an danƙara musu buhunan dawa da masara, mutane kuma sun hau saman buhunan. Ka ƙyale lodin, ka dubi kan motar, wato inda direba ke zama. Sau da yawa za ka ga ya kwanta gefe guda kamar wanda ya tashi da ciwon wuya. Ƙofar direba ba ta kullewa sai an ɗaga ta an buga, ta ɗaya gefen kuwa da igiya aka ɗaure ta.

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi a bayansa, mai ƙaramin ƙarfi ya daina mafarkin ko da 'yar Kwatano ce. Motar da aka jingine shekaru a bayan gida ita ake jawowa a farfaɗo da ita. A Amurka akwai masu kashe dukiya su gyara tsohuwar Ford F-100 ta 1953 don sha'awa kawai, su kai ta wajen baje koli. Mu nan motar da aka tayar gobe za ta ɗauki mata da yara zuwa kasuwa. Shi ya sa muke ganin aikin ya fi cancantar a tsanaka a wurinmu, amma sai ga shi mu ne muka fi yi masa gaggawa.

Bari mu fayyace abin da muke magana a kai. Fijo 404 da 504, waɗanda mutanenmu suka saba da su tun da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, daga jikin ƙaramar mota aka fitar da su, don haka ƙirarsu daban ce. Amma irin su Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, abu biyu ne aka haɗa. Akwai casis, dogon ƙarfen ƙasa mai kama da tsani a kwance, wanda inji da giya da tayoyi ke jikinsa. Sannan akwai kai, wanda ake ɗorawa a kan casis ɗin a wurare huɗu ko shida, kowane wuri da roba mai kauri a tsakani, noti ya ratsa ta tsakiyarta.

Robar nan ba ado ba ce. Idan mota ta shiga rami da taya ɗaya, casis yakan ɗan murɗe ya dawo, haka aka ƙera shi. Kai kuwa akwati ne na siririn ƙarfe, ba ya son murɗa. Roba ce ke shanye rigimar da ke tsakaninsu. Kuma akwai abubuwan da ƙafarsu ɗaya ke jikin kai, ɗaya ke jikin casis. Sandar sitiyari a jikin kai take, akwatinsa na ƙasa a jikin casis. Tukunyar man birki a jikin kai take, bututunta ya gangara zuwa casis. Idan kai ya zauna a karkace, ko yana rawa saboda robarsa ta mutu, waɗannan su ne ke shan wahala a ɓoye. Bututun ƙarfe da ake lanƙwasawa kaɗan-kaɗan sau dubu a rana, wata rana zai tsage. A gangaren hanya da lodi a baya, ba sai mun faɗi sauran ba.

Kwanakin baya mun yi yini biyu a wani gareji muna kallon wani dattijon mai gyaran bodi yana mayar da kan wata Hilux. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne rabin yinin farko bai taɓa kan ba sam. Casis ɗin ya sa aka ɗora a kan turaku, ya aiki yaronsa ya aro filam wajen wani magini, ya riƙa ɗora shi a gicciye, gaba da tsakiya da baya, yana sa a ƙara katako a nan a rage a can. Inda filam ya yi gajere, siririn tiyo mai garai-garai ya cika da ruwa, irin yadda magina ke yi wajen fitar da layin gini. Daga nan ya ɗauki tef ya auna daga ramin notin gaba na dama zuwa na baya na hagu, ya sake aunawa daga na gaba na hagu zuwa na baya na dama. In awon biyu ya zo ɗaya, casis na nan a miƙe. In ya saɓa, to motar ta taɓa cin karo, kuma duk abin da ka ɗora a kai a karkace zai zauna. Mu da muka yi karatun difloma mun tuna an koya mana wannan a darasin lissafi, an zana a allo, mun haddace don jarrabawa. Shi bai san sunansa da Turanci ba, amma da shi yake ci da iyalinsa.

Awon ya saɓa. Sai da aka ja casis ɗin da sarƙa da jak, aka sake aunawa sau uku. Sannan ya koma ƙasan kan, inda tsatsa ta cinye wurin zaman roba guda biyu, ya yanke, mai walda ya sa sabon ƙarfe.

Washegari aka ɗaga kan da sarƙa aka sauke shi a hankali. Nan ne muka ga abin da ya fi tsaya mana a rai. Ya zura dukkan notin amma bai ɗaure ko ɗaya ba, da yatsa kawai ya kama su. Yaron ya ɗauko sifana zai fara ɗaurewa, ya daka masa tsawa. Dalili shi ne da zarar ka ɗaure kusurwa ɗaya tamau, sauran ukun sun zama bayinta, sai dai ka tilasta musu. Sai ya auna tazarar kan daga casis dama da hagu har ta yi daidai. Ya rataya ƙofofi ya duba tsagar da ke tsakanin ƙofa da jiki, daga sama har ƙasa. Inda ta matse a sama ta buɗe a ƙasa, ya ɗaga wannan kusurwar da jak ya ƙara wasa ɗaya a kan robar. Ya leƙa ya ga sandar giya na tsakiyar raminta, sitiyari ya shiga ba tare da an danna shi ba. Sai da aka sauke motar a kan tayoyinta, nauyinta ya zauna, sannan ya fara ɗaurewa, kaɗan a nan, kaɗan a kusurwar da ke fuskantarta, yana zagayawa. A ƙarshe ya haɗa wata wayar tagulla daga kan zuwa casis, domin roba ba ta wuce da wuta, in aka manta da ita sai fitilu su yi ta wasa a rasa dalili.

Duk wannan lokacin mai motar yana zuwa yana komawa, tambayarsa ɗaya ce: yaushe za a yi fenti?

Ga inda ra'ayinmu yake. Mun saba ɗora laifi a kan kanikawa, mu ce algus suke yi. Akwai masu yi. Akwai wanda zai cusa guntun katako a madadin roba, akwai wanda zai liƙe kan da casis da walda ya ce ya gama da matsalar har abada, bayan wata shida gilashin gaba ya tsage, ƙarfen gefen ƙofa ya dare. Amma wa ya koya musu? Mai mota ne da zai biya kuɗin bodifila da fenti ba ciniki, amma a ce masa yini guda za a yi ana awo, sai ya ga kamar ana cin kuɗinsa a zaune. Aikin jinga ne. Bakaniken da ya tsaya awo shi ke asara, wanda ya rufe da fenti shi ake yabo a tasha.

Ba mu ce mai mota ba shi da hanzari ba. Robar asali tsada gare ta, wani lokaci sai an aika Kano kasuwar Ƙofar Ruwa ko Fanteka a Kaduna, kuma duk ranar da mota ta kwana a gareji ranar babu cefane. Ko robar da ake yankowa daga tsohuwar tayar babbar mota ba ma kushe ta gaba ɗaya. In an yanka su kauri ɗaya, aka sa gajeren bututun ƙarfe a tsakiya don kada noti ya murƙushe su, za su kai mutum wani lokaci. Talauci na iya hana ka sayen roba, amma filam aro ake yi, tiyo da ruwa kuma ba su da tsada.

To mu marubuta ina namu a ciki? Mu ma fenti muke gani. Ku buɗe littattafan da muke rubutawa a waya ku ƙirga sau nawa “dalleliyar mota” ta shigo harabar gida, maigadi ya buɗe ƙofa da gudu. Sannan ku nemo mana bakanike guda da aka ba shi suna da hali da magana, wanda marubucin ya san abin da hannunsa ke yi. Tun a 1949 Abubakar Imam da Dokta East suka fitar da Ikon Allah, suka nuna Hausa na iya ɗaukar bayanin kimiyya. Mu da muke da waya mai ɗaukar murya a aljihu, ko shafi ɗaya ba mu rubuta a kan yadda ake zaunar da kan mota ba, alhali a garejin Zuru mai C'lela da Bayarabe da Ibo mai sayar da kayan gyara duk da Hausa suke wannan aikin. Kalmomin suna nan, ba sai mun zauna a ɗaki mun ƙirƙiro ba. Mu je mu ji yadda suke kiran abin, mu rubuta shi haka. Kuma a nemi izinin maigidan garejin tukuna, a saya wa yara ruwa, kada a tsaya musu a kan aiki.

Da dattijon ya gama ɗaure notin ƙarshe, bai ce wa kowa komai ba. Ya buɗe ƙofar direba, ya tura ta da yatsa biyu, ta rufe ƙyas. Ya zagaya ya yi wa ɗayar haka. Sannan ya ce wa mai motar ya dawo da ita bayan kasuwa biyu a sake bin notin, don sabuwar roba takan ɗan kwanta.