Tsintsiya Ce Ta Kayar Da Nijeriya

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina game da rawar da Nijeriya ta taka a gasar cin kofin duniya ta wasan Kwidic. Ga wanda bai sani ba, wasa ne na almara da marubuciyar nan ta Ingila, J.K. Rowling, ta ƙirƙira cikin littattafan Harry Potter. 'Yan wasa bakwai-bakwai ne ke hawa tsintsiya suna shawagi a sama. Kowace ƙwallo aka zura maki 10 ne, amma wanda ya cafke wata 'yar ƙwallon zinariya mai fiffike ya samo wa ƙungiyarsa maki 150, kuma nan take wasa ya tashi.

Wani zai ce me ya haɗa dattijo da tatsuniyar yara? To ai sunan ƙasarmu ne a ciki, kuma yaran duniya sun karanta.

A shekarar 2014 marubuciyar ta fitar da labarin gasar wasa bayan wasa, ta ce an yi ta a hamadar Fatagoniya ta ƙasar Ajantina, da ƙasashe 16. A zagayen farko Nijeriya ta lallasa Fiji da maki 400 da 160. Ka lura, Malam Edita, 150 daga cikin makin Fiji na 'yar ƙwallon zinariyar ne, wadda ɗan wasansu ya cafke alhali ana binsu 400 da 10. Wato sau 40 yaranmu suka zura ƙwallo, su kuwa sau ɗaya tak. Wannan ba sa'a ba ce, iyawa ce.

Sai ga wasan kusa da na kusa da ƙarshe, Japan ta fitar da mu da 270 da 100. Nan ne nake jayayya da masu cewa 'yan wasanmu ne suka yi sake. Samuel Equiano, mai farautar ƙwallon zinariya a ɓangarenmu, yana gab da kama ta sai 'yan Japan suka auno shi da ƙwallon ƙarfe, bindin tsintsiyarsa ya tarwatse, ya rikito. Noriko Sato ta Japan ta cafke abarta. Tsintsiyar da aka ɗora yaranmu a kai, mai suna Thunderbolt VII, tun kafin nan masana na ƙorafin cewa gudu kawai aka sa mata a gaba, ba a kula da lafiyar mahayi ba. Ƙwallon ƙarfe kuwa kullum cikin dukan tsintsiya take a wannan wasa. Don Allah wa ya sayo kayan da ba za su jure duka ɗaya ba? Ba dai Equiano ba. Ka cire 150 ɗin nan ka gani, 120 ne da 100, ƙwallo biyu kacal tsakani.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ƙagaggen labari ya zo daf da gaskiya. A wannan shekarar ta 2014, a gasar ƙwallon ƙafa ta Barazil, Super Eagles ƙarƙashin marigayi Stephen Keshi sun ƙaurace wa atisaye saboda rigimar kuɗin alawus, kwanaki kaɗan kafin Faransa ta fitar da su da ci 2 da nema. Can ma ba ƙafafun yara ne suka fara gazawa ba.

Ƙorafina ɗaya ga marubuciyar shi ne dodon da ta ba mu a matsayin alamar ƙungiya, Sasabonsam, na tatsuniyoyin Ashanti ne a Gana. Ina Gizo, ina Dodo?

Kofin dai Bulgeriya ta ɗauka a hannun Barazil. A tarihin gasar kuma Malawi ta ci a 1998, Masar a 2002, Burkina Faso a 2006. Mu da muke kiran kanmu giwar Afirka, a zagaye na biyu muka tsaya, bisa tsintsiyar da aka riga aka yi gargaɗi a kanta.

Wassalam.

Mai sha'awar wasanni,
Tudun Wada, Zariya.